Lakar Gindin Ganga

Harwich, 21 ga Yuni, 1976

Zuwa ga Hilda, 'yar kawuna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu Seth da ƙafar nan tasa, da dukan 'yan zaman bencin mashayar Garma. Mu nan lafiya lau, in ban da zafin da ya sako mu gaba. Injin ɗaga kayan da nake tuƙawa a tashar jirgin ruwa, da rana ko taɓa ƙarfensa ba ka iyawa. Matata Beryl tana gaishe ku, ta ce in tambaya ko Kawu yana shafa man da ta aiko, ko kuwa ƙyauren sito ya shafa wa kamar na bara.

To, taubashiya, nemi kujera ki zauna. Ƙungiyarmu ta masu son giyar ganga za ta yi gasa farkon watan gobe, a tsohon siton hatsi da ke bayan tasha. Ganga sama da sittin za a kawo daga ko'ina a ƙasar nan, kuma duk giya mai rai, wadda ke ƙarasa nuna a cikin gangarta. Ta manyan kamfanoni da ake tacewa a hura mata iska, ko bakin ƙofa ba za ta zo ba. Alƙalai za su ɗanɗana ba tare da sanin suna ba. Ranar Laraba a fitar da gwanar kowane aji, ranar Asabar gwanayen su kara, wadda ta yi fice ta ɗauki kofin azurfa.

Abin da zan faɗa yanzu, na gode Allah da kike nesa da ni. Na riga na sa sunan giyarki, Jar Garma. Na sani, ban tambaye ki ba. Amma shekara da shekaru ina cika wa mutanen nan kunne cewa akwai wata giya a wani ƙauye, mace ɗaya ke dafa ta a bayan mashayarta, in ka sha sau ɗaya ka daina kula kowace. Sun mai da ni abin dariya, har Ɗan Garma suke kirana. Mista Lacey, shugabanmu, cewa ya yi wai kowa giyar garinsu ce ta fi, har sai an ajiye ta kusa da wata. Hilda, maganar ta yi mini ciwo, kuma ina so in ga fuskarsa.

Ganga ɗaya tak nake roƙo. Ni da kaina zan kula da ita, ba wanda zai taɓa ta. Ki rubuto mini kuma abin da zan sa a katin da za a liƙa mata bayan hukunci. Tun da na sa sunan nan abinci ma ba ya shiga don murna.

Naki,
Aubrey


Wenlow, 26 ga Yuni

Aubrey,

Na sami takardarka. Muna lafiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi. Ka gaya wa Beryl rabin man ya shafa, rabi ƙyaure ya samu, kuma ƙyauren ya daina kuka. Ruwan sama ko ɗigo babu, masu yankan ciyawa sai kwankwaɗa suke yi, ban taɓa ganin ganguna na ƙarewa haka ba.

Kai dai tun kana yaro haka kake, ka aikata sannan ka nemi izini. Jar Garma ba ta taɓa tafiyar da ta wuce daga ɗakin ƙasa zuwa famfon zuba giya ba, kai kuma kana so a ɗora ta a mota a girgiza ta tun daga nan har bakin teku, cikin wannan rana, don wani Lacey. Na yi niyyar cewa a'a, sai na yi wautar karanta wa Baba takardar. Shi kuwa ya ce in cika ganga daga dahuwar makon jiya, wai ita ta fi duk na bana. Tun daga ranar, duk wanda ya shigo sai ya gaya masa giyarsa za ta je gasa. Giyarsa fa, ni da nake tashi da asuba in hura wuta.

Direban da ke kawo mana sha'ir zai sauke maka ita ranar Asabar mai zuwa. Ka kwantar da ita a kan gadonta, ka sa mata waigi kada ta motsa, ka ƙyale ta ta huce fushin tafiya har laka ta kwanta. Sannan ka huda sama ka sa tsinke mai laushi ta yi numfashi. In ta daina tofar da kumfa ka canja mai tauri. Ka lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. In ka ba mutane ita a gurɓace, kada ka ƙara cewa ka san ni.

A katin ka rubuta gaskiya kawai: ruwan rijiyarmu, tsiron sha'ir, furen ɗaci, da yis ɗin Kaka Tabitha, mai tayar da dahuwa ta zama giya. Kai ma jikanta ne, ka san a tulu ta zo da shi daga gidan ubanta ranar da ta tare. Tun daga nan ba a taɓa sayen wani ba, kowace dahuwa a kwashe kumfar samanta a zuba wa mai bi mata. Sha'ir da fure kowa na iya saya a kasuwa. Ɗanɗanon da kake cika baki a kansa na yis ɗin nan ne.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma abin ya fara shiga raina. Jiya na tsinci kaina ina goge kantar da ke bayan famfo, inda kofi zai iya zama.

Hilda


Wenlow, Litinin, 5 ga Yuli

Aubrey,

Gaisuwa gare ka da Beryl. Muna nan. Ina fata ganga ta iso lafiya. Abu ɗaya nake so, in an gama ka dawo mini da ita yadda take. Kada a karkata ta a tatse, kada a wanke ta, ko ruwa kada ya shiga. Ka toshe ta da kyau ka aiko da wuri. Ba ni da lokacin dogon rubutu.

Hilda


Harwich, Laraba, 7 ga Yuli

Hilda,

Gaisuwa, lafiya lau, kowa lafiya, ki gai da Kawu. Bari in tsallake sauran. Mun ci ajinmu!

Na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya. Siton nan rufin kwano ne, da rana kamar gidan burodi, don haka hutu na ɗauka daga aiki na zauna kusa da ita da bokiti ina jiƙa buhu. Beryl ta ce ko lokacin da take jinya ban kula da ita haka ba. Jiya na buga famfo, na tari tambulan na farko na ɗaga shi a hasken taga. Tas take, ja kamar shayi, ana ganin yatsuna ta ɗaya ɓarin. Na kurɓa, sai ga ni a ɗakin ƙasan Garma ina ɗan shekara goma ina riƙe wa Kawu fitila. Saura kaɗan in yi kuka a gaban mutane.

Yau alƙalai suka zauna, aka jera musu butoci, kowace da lamba kawai. An hana mu matsowa, amma ni ina leƙe ta bayan ganguna. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, fuskarta ba fara'a, kowace ta kurɓa sai ta ture. Da ta zo kan wata buta, ta sha, ta ajiye, ta sake ɗauka, ta ƙara. A raina na ce Allah ya sa tamu ce. Da aka gama Lacey ya hau akwati zai karanta sakamako. Ya faɗi lamba, ya dubi takarda, ya dube ni, ya sake duban takarda.

Ya ce, "Ɗan Garma, zo nan. Ashe ba ƙarya kake yi ba."

Hilda, ban san lokacin da na rungume shi ba, mutumin da ko hannu ba ya son bayarwa. Nan take layi ya miƙe har waje. Kafin a ankara an sha fiye da rabi, dole Lacey ya sa na mai da tsinke mai tauri, aka ajiye sauran don karawar Asabar da yamma. Kowa cewa yake kofin namu ne.

Takardarki ta zo da safe, layi huɗu, ko Allah ya ba da sa'a babu. Na san halinki, tsoro kike in ɓatar miki da ganga, ko kuma kina ganin ban iya wanki ba. Kwantar da hankalinki, da tafasasshen ruwa da soda zan wanke ta, ta dawo miki fes ta fi yadda ta zo. Maganar kada a karkata ta kuwa, sai haƙuri. Al'adarmu ce, gangar da ta ci kofi a ɗaga gindinta a sha har ɗigon ƙarshe ana waƙa. Ki bar rowa na yini ɗaya, taubashiya, ki yi murna.

Naki mai farin ciki,
Aubrey


Wenlow, Alhamis, 8 ga Yuli

Aubrey,

Jikinmu lafiya. Takardarka ta zo, na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma da na kai wurin tafasasshen ruwa da soda sai da na dafa bango. Ka karanta wannan a hankali, kada ka tsallake layi.

Yis ɗin Kaka ya mutu. Zafin nan ne. Ɗakin dahuwa ya ƙi yin sanyi duk dabarar da na yi, dahuwar ƙarshen Yuni ta tashi da warin tsami, kumfarta tana yauƙi. Na ɗauko na ajiya a bokitin ɗakin ƙasa, shi ma ya juya. Na sake gwadawa, na zubar a kwata. Gangunan dahuwa mai kyau kuwa, masu yankan ciyawa sun shanye su tun kafin in gane, ni da hannuna na wanke su tas. Yanzu duk duniya, inda yis ɗin nan ya rage da rai wuri ɗaya ne, lakar da ta kwanta a gindin gangar da ke hannunka.

Na ƙi faɗa maka ranar Litinin don ina zaton zan iya ceto na bokiti, kuma ba na so in lalata maka biki. Waya kuwa, ka san a gidan waya kaɗai take, kuma ka san matar da ke wurin. Kafin in ajiye, duk Wenlow sun ji, har da Baba, shi da nake ta ɓoye wa.

Tun Talata da ka buga famfo iska ke shiga gangar nan. Duk tambulan da aka tara, iskar siton ce ke maye gurbinsa, kuma ka ce wurin kamar gidan burodi. Abin da ya kashe nawa yana nan yana neman wancan. In ta kai yammar Asabar cikin zafin nan, aka sake buɗe ta, aka karkata, ban ga abin da zai rage ba. Zan iya zuwa wani gidan giya da bokiti in roƙi nasu, za su ba ni, haka ake yi. Amma abin da za a dafa da shi ba Jar Garma ba ce, sai dai sunan.

Ina roƙonka, duk sa'ar da wannan ta same ka, ka cire famfo, ka toshe ta, ka sanyaya ta, ka kawo mini. Na san abin da nake nema ka bari. Ban taɓa roƙonka komai ba, kuma tsoro nake ji ƙwarai.

Hilda


Wenlow, Juma'a, 9 ga Yuli

Aubrey,

Muna lafiya. Ka manta da takardar jiya.

Baba ya sani. Ashe tun makon jiya hancinsa ya gaya masa, yana jira ne ya ga yaushe zan buɗe baki. Da safe ya sa na zauna na faɗa masa komai, har da abin da na rubuta maka. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko takardarka ta Laraba in sake karanta masa, musamman wurin tsohuwar da ta ƙara. Yana ji yana dariya, hawaye na zuba. Sannan ya ce, "Ki bar yaron nan ya ɗauko kofinsa. Shekara nawa ana yi masa dariya saboda mu. Yis ya yi zamaninsa, sai mu aro."

Ban yarda da shi ba, amma uwarsa ce ta kawo shi, ya fi ni iko da shi. Don haka ka bar ta ta kara. In ta ci, ku ɗaga gindinta ku yi waƙarku. Ka sha tambulan ɗaya a madadina, ka riƙe shi a baki ka daɗe, don ba za a sake yin irinta ba.

Hilda


Harwich, Litinin, 12 ga Yuli

Hilda,

Na iso gida lafiya, sai ciwon baya. Beryl na gaishe ku. Ina buɗe ƙofa na tarar da takardarki ta Juma'a a kan tabarmar shiga, yau ta zo. Na karanta a tsaye.

Ke kam ba dama. Kin gan ni a ƙofar Garma ranar Asabar da ganga, kin san kin rubuto cewa in bar ta, Kawu ma ya sani, amma daga ke har shi ba wanda ya ce uffan. Cewa kawai kika yi in riƙe wancan ɓarin kada in girgiza. Da yake kina ta fama da tuluna da tafasa ruwa har na taho, ba ki ji yadda aka yi ba, to ga shi.

Takardarki ta Alhamis ta same ni ranar Asabar da safe ina ɗaure igiyar wuyan kwat, don har sabuwa na saya saboda hoto. Na karanta, na zauna a bakin gado. Beryl ta karɓa ta karanta, sai ta fita. Jim kaɗan ta dawo da motar ƙaninta mai sayar da kifi, bayanta cike da ƙanƙara. Shi ya sa kika ji ƙarni, ki daina zargin gangar.

A sito na tarar an riga an jera kujerun alƙalai, kofi na kan tebur an goge shi. Na kira Lacey gefe na yi masa bayani. Ya fahimta, don ya san giya, amma ya ce an riga an buga sunanta, mutane sun zo daga nesa dominta, har da ɗan jarida. Ya ce in jira zuwa yamma kawai, da zarar alƙalai sun sha in ɗauka, ko waƙar ma a fasa. Wallahi na kusa yarda. Na je na sa hannu a ƙarƙashin buhun, na ji katako da ɗumi tun rana ba ta take ba. Na sunkuya na shaƙi bakin tsinken. Ƙamshinta na nan, amma can ƙasa na ji wani abu kaɗan da ba na nan ranar Laraba. Ko tsorona ne, ban sani ba. Na ɗauki guduma.

Lacey ya ce, "In ka fitar da ita, ba kai ba kula da ganga a ƙungiyar nan."

Na ce masa na ji. Ya juya mini baya, wasu suka yi ta gunaguni, wani ya ce dama ya san za mu gudu. Wannan ta fi komai yi mini zafi. Ni da Beryl muka ɗauke ta a kwance yadda take, muka binne ta cikin ƙanƙara. A hanya ban wuce gudun keke ba in na ga rami, motoci na ta yi mini oda. Wata giya daga arewa ce ta ɗauki kofin. An ce tana da kyau.

Kin ce in manta da takardar Alhamis. Gaskiya, da ta Juma'a ta riske ni a kan lokaci, ban san abin da zan yi ba, don ina son kofin nan kamar me. Gara da ta makara. Yanzu ki faɗa mini, ya tashi ko bai tashi ba? Ko aiki na kasa yi, ɗazu saura kaɗan in sauke buhunan wani jirgi a kan na wani.

Naki,
Aubrey


Wenlow, 25 ga Yuli

Zuwa ga Aubrey, ɗan gwaggona,

Bayan gaisuwa, ina fata bayanka ya saki. Baba lafiya, har ya fara sauka ɗakin ƙasa da sanda duk da na hana. Ka gai da Beryl da kyau, ka ce na ce ta fi ka hankali, kuma motar kifi ba za ta fita daga raina ba.

Na san na bar ka cikin zulumi. Na ƙi rubutowa ne sai na tabbata, don na gaji da aika maka maganar da zan janye washegari.

Bayan tafiyarka, lakar da muka kwaso na zuba ta cikin ɗan ruwan sha'ir mai zaƙi a tulu, na ɗaure bakinsa da ƙyalle, na zura shi cikin rijiya da igiya, don nan kaɗai ke da sanyi. Na jawo washegari, shiru. Na sake jawowa, shiru, ruwa kwance kamar na kwata. Na fidda rai, har na wanke bokitin da zan je aro da shi. Ranar Laraba na jawo don in zubar, sai na ga wani siririn zobe na farar kumfa a gefe. Aubrey, na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar yarinya. Na ƙara masa abinci, daga tulu zuwa bokiti, daga bokiti zuwa ƙaramin baho. Na farko na zubar da samansa don ban yarda da shi ba. Shekaranjiya na yi cikakkiyar dahuwa. Yanzu haka da nake rubutu kumfa ta taso ta yi tozo a kan baho, ƙamshin tuffa ya cika gidan har titi. Baba ya tsoma yatsa ya lasa, ya ce shi ne. Ya tashi, Aubrey, ya tashi!

Ka tambayi dalilin da ban ce komai ba da na gan ka a ƙofa. Na ga igiyar wuyanka sabuwa, ta jiƙe da ruwan kifi, na san abin da ka baro. Da na buɗe baki da kuka zan yi, kuma ganga na jira.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Tun zamanin Kaka yis ɗin nan a gida ɗaya yake, a hannu ɗaya, ba a taɓa ba kowa ko cokali ba. Na ga ƙarshen wannan wayon. Na raba shi biyu. Direban sha'ir zai sauke maka kwalba ranar Asabar, cikin akwatin ƙanƙara. Ka sa ta a firiji, kada ka ɗaure murfin tam, duk mako ka zubar da rabi ka ƙara masa ruwan sha'ir yadda zan rubuta maka. Na gaya wa Baba ina jiran faɗa, sai ya ce tun tuni ya kamata, jikokin Tabitha biyu ne ba ɗaya ba.

Kofi kam ban iya dawo maka da shi ba, kuma na san har yanzu yana ranka. Abin da nake da shi ke nan, rabin gidanmu a kwalba. Ka gaya wa Beryl ta matsar da madara ta yi masa wuri.

Taka,
Hilda